Ranar Layya da Kare a Hannuna

Jiya wani mai moto ya wuce ta ƙofar gidana yana jan sarƙa a kan gudron, wato kwalta, sai na zabura. Kada ka yi mini dariya, mai karatu. Ni uwa ce yanzu, amma ƙarar sarƙa tana mayar da ni ƴar firamare.

Lokacin ba mu daɗe da tasowa daga unguwar Kalle zuwa Bobiyel a nan Yamai ba, unguwar duk kangwaye ce da gonakin gero. Saboda ɓarayi Baba ya samo wani jan kare. Ƙanen Baba, wanda a baki babu abin da bai sani ba, ya ce kare ba ya zafi sai an ɗaure shi da sarƙa a rana ana zuba masa barkono a tuwo. Aka yi hakan, ya kuwa yi zafin har ya fi ƙarfin masu shi. Ko banɗaki zan je sai na bi jikin bango ina karanto duk addu'ar da na iya. Ran da ya tsinke ya yaga wandon ɗan maƙwabta, Baba ya rantse cewa in ya ƙara taɓa mutum ko kayan mutum, guba za a ba shi.

Da damina Kakana ya zo daga garin Tawa jinyar gwiwa. Tsohon mafarauci ne, ya yi rayuwarsa da karnuka. Ya hana barkonon, ya cire sarƙar ya sa igiyar rama. Sannan ya duba gidan kaf, ya zaɓi wadda ta fi kowa tsoro.

"Amarya, zo ki riƙe wa mijinki igiya," in ji shi. Haka yake tsokanata.

Na yi kuka, bai hana komai ba. Kullum da safe kafin in tafi lakwal, wato makarantar boko, muna tsakar gida, ƙasa na ƙamshin ruwan daren jiya, Kaka a kan kujera, ni da ƙuli-ƙuli a tafin hannu. In ɗaga ƙulin sama da hancin karen in ce "zauna", sai gindinsa ya taɓa ƙasa zan ba shi. Daga nan muka koma "tsaya", muka koma "bari". Kaka ya hana ni naɗe igiya a wuyan hannu, ya hana ni fizga, ya hana ni ɗaga murya. Numfashin karen mai zafi yana dukan yatsuna. Inna kuwa ba ta barina in taɓa kwano sai na wanke hannu da ƙasa da sabulu. Ban daina tsoronsa ba, amma na fara jin tausayinsa, kuma ban so a kashe shi.

Sai ga Babbar Sallah. Ka san yadda muke layya a Yamai: a feɗe raguna, a baje su a kan sanduna, a jera su a titi kewaye da wuta, na kowane gida kusa da na maƙwabcinsa. A cikin gida mata na suyar kayan ciki, ƙamshi ya haukata karen. Inna ta ce a fitar da shi kangon da ke tsallaken titi. Maza suna bakin wuta, Kaka ba ƙafa, karen kuma ba ya jin maganar kowa sai tawa.

Na fito da shi cikin sabon kayana. Hayaƙi ya cika mini ido, kitse na ɗiga a garwashi. Muna tsakiyar titi, daidai ragon limamin unguwa, karen ya zabura. Igiyar ta goge mini tafi kamar an ɗora mini wuta, ta kuɓuce. Na ga Baba ya miƙe da icen wuta a hannunsa. Ihu nake so in yi, amma na san in na yi, karen ya gama yawo.

Daga bakin ƙofa na ji muryar Kaka, a hankali kamar yana neman ruwan sha. "Amarya, faɗa masa. Da muryar safe."

Na ce, "Bari. Zauna."

Hancinsa saura ƙiris ya taɓa naman. Ya tsaya, jikinsa na ɓari, miyau na zuba. Ya waiwayo ya dube ni, ya dubi ragon, sannan ya zauna a ƙasa. Na taka na ɗauki igiyar, na kai shi kangon, a can na durƙusa na yi kukan da ya fi na ranar farko. Baba ya mayar da icen cikin wuta, bai sake zancen guba ba.

Yau Bobiyel babu gona ko ɗaya, sai dogayen katangu da motoci. Karnukan suna bayan ƙofofin ƙarfe, gardi mai tsaron gida ne ke kula da su, ƴaƴana haushinsu kawai suka sani. Kaka ya daɗe da rasuwa, ni kuma har gobe in na hango kare sai na sauya hanya. Amma kwanaki autana ya fizge daga hannuna ya nufi titi, babbar mota na tahowa. Ban yi ihu ba. Na ce masa "tsaya", a hankali, kuma ya tsaya.