Tattabarun Baba

Da aka rushe gidanmu na Yakasai, na roƙi wani tsohon maƙwabcinmu, magini, ya yi mini ɗan ƙaraminsa da yumɓu. Soro, ɗakuna da rijiya kawai na zana masa, don bai san ciki ba. A gidanmu, baƙo namiji iyakarsa soro.

Da ya kawo, na leƙa. Ga ɗakin tattabarun Baba a lungu, wanda ban taɓa ambata masa ba. Na duba bayan katangar, sai ga ramuka uku, daidai wurin sa ƙafa.

Na ce, "Malam, a ina ka ga wannan?"

Ya gyara hula, ya ce wai hasashe ne.

Shekara da shekaru tattabarun nan suna ɓacewa, mu kuwa muna ta jifan mage.