Manzo Wanzami da Ƙuri'ar Tasawa

Manzo wanzami ne a ƙauyenmu, kusa da Kona. Aska ya gada daga ubansa, kuma kusan duk wanda aka haifa a garin, har da ni, shi ya yi masa askin suna. Mutum ne mai tsokana. In ya kama kaina sai ya ce, "Tsaya cik, Mushe, kar lissafin ya zube." Mushe yake ce mini, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, domin ina koyar da lissafi a kolej ɗin Tasawa.

Wata shekara masu binciken lafiya suka zo gwada wani magani da ake fatan zai rage mutuwar ƙananan yara. Ba a san ko yana aiki ba, sai suka raba ƙauyuka gida biyu: rabi a ba yaransu, rabi su jira, daga baya a kwatanta. Da an bar wa likitoci ko masu gari zaɓi, da ƙauyukan bakin titi masu famfo sun taru ɓangare guda, a rasa gane ko magani ne ya taimaka ko ruwa mai kyau. Shi ya sa aka yi ƙuri'a a Tasawa, a gaban kowa, da ƙwallaye ja da fari cikin ƙwarya. Maigarinmu ya tura Manzo, ya ce hannun da ba ya rawa a kan jariri shi ya dace ya shiga ƙwarya. Manzo ya ɗauko jan ƙwallo. Ja na masu jira ne.

A damina ta gaba ɗiyata Nafisa ta rasu da zazzaɓi, ba ta cika shekara uku ba. Ba ita kaɗai muka binne ba.

Babu wanda ya zagi Manzo. An dai daina kiransa askin suna. Mata suka ce hannunsa ya juya, aka riƙa ɗauko wanzami daga Bawdeta a kan moto, wato babur. Ya koma aske baƙi ranar kasuwa.

Da binciken ya ƙare, wata likita mai suna Ramla ta zo ƙofar maigari ta yi bayani. A ƙauyukan farin ƙwallo mutuwa ta ragu, ragin kuma ya wuce abin da sa'a kaɗai za ta kawo. Amma can ma an binne yara. Girman ragin kuwa ba ta faɗi lamba guda ba, ta ce yana tsakanin kaɗan da matsakaici.

Bayan an watse Manzo ya tare ni.

"Mushe, kai ka ji harshensu. Da na ɗauko fari, da Nafisa na nan?"

"Baba Manzo, ban sani ba. Su ma ba su sani ba. Cikin yara goma da suka rasu a irin ƙauyenmu, watakila ɗaya ko biyu maganin zai tsare. Lissafin bai faɗin wanne."

"Ke nan tana iya zama ita."

"Tana iya."

Ya ce, "Na so ka ce a'a."

"Ni ma na so. Abin da na tabbata shi ne, da ka bar jan, wani ƙauye zai ɗauke shi."

Da matata Zubaida ta haifi namiji, surukata ta riga ta aika Bawdeta. Na ce a mayar da saƙon, Manzo zai zo. Zubaida ta ce ba ta hana ba, amma ba za ta kalla ba.

Ya zo da sassafe, ya wasa askarsa, ya aske yaron. Zubaida ta aiko masa da rabonsa na nama da hatsi daga ɗaki. Bayan nan gida biyu suka kira shi. Sauran har yanzu Bawdeta suke aikawa.