Gonar Gazali da ba ta ciyawa

Duk ƙauyen Fakku an san Gazali bai gaji mahaifinsa ba. Marigayi Ɗangiwa mutum ne da ko ranar Salla sai ya leƙa gona kafin ya tafi Idi. Shi kuwa ɗan nasa, tun yana ƙarami in aka miƙa masa hauya sai ciwon ciki ya tashi. Da ya girma ya sami babur, ya kama kabu-kabu tsakanin Kebbe da ƙauyuka, ya yi aure, ya shafa wa kansa lafiya. Gonar da tsohon ya bar masa a bayan fadama ta yi ta cin damina babu mai taɓa ta.

Abin da uba ya kasa, waya ce ta yi shi. Wani fasinja ya tura masa wani gem, wasan waya da ake jefa mutum a tsibiri, ba dangi ba maƙwabci, in bai yi noma ba yunwa ta kashe shi. Nan Gazali ya zama manomi.

Da farko noman gida ya yi. Ya yi binne, ya zuba iri a busasshiyar ƙasa ya zauna jiran ruwan sama, ɗan mutumin nasa na cikin waya ya mutu yana jira. Ya sake sabon lale, ya cusa wake tsakanin hatsi yadda kowa ke yi, komai ya tsumbure. Ya ɗaure saniya a gonar don ta zuba masa taki, ta cinye shukar tas. Wani da ya haƙura, amma shi sai abin ya zame masa gaba. A hankali ya gano cewa a tsibirin nan shuka tana son ban ruwa da hannu, ba ta son inuwa, ba ta son cunkoso, taki kuma sai an tara an kai mata. Babbar dokar ita ya gano daga ƙarshe: shuka ba ta motsi sai mai ita yana tsaye kusa. Ka rufe waya, ko ka yi nisa wajen farauta, ka dawo ka same ta yadda ka bar ta.

Wannan doka ta hana shi sakat. A tashar babur ba a barin mutum ya tsaya kan gonarsa. Da kabewa ta fara toho sai wata mata ta zo da buhu tana neman a kai ta Kebbe.

Ana cikin haka ƙanen mahaifinsa, Baffa Na'Allah, ya kira shi zaure. Ya ce dangi sun gaji da ganin gonar Ɗangiwa ta zama makiyaya. In bai noma ta bana ba, za a damƙa ta ga mijin Raliya, yayar Gazali, mutumin da ke da iyali da yawa da ƙasa kaɗan. Maganar ta soki Gazali. Ba son noma yake ba, amma gonar nan ita kaɗai ta rage da ake kira da sunan ubansa, kuma yana tsoron ranar da za a nuna shi a ce ga wanda aka karɓe wa gado. Ya yi alkawari har da rantsuwa.

Da ruwa ya sauka ya je ya shuka gero, tsakani da Allah. Yana hutawa a gindin tsamiyar da ke gefen gonar sai ya lura da wani abu: nan babu fasinja, babu mai kiransa. Ya ciro waya.

Daga ranar ya zama abin misali. Da sassafe zai ɗaura hauya a babur, matarsa Zulaihat ta miƙo masa goran fura tana alfahari, ya soka abin caji a aljihu ya fita, ba a ganinsa sai la'asar sakaliya. Gonar ba a kan hanya take ba, babur ɗin kawai ake gani a bakin burtali. Dattawa suka ce jinin Ɗangiwa ya motsa. Kuma ba ƙarya suka yi ba, don tsibirin bai taɓa ganin albarka irin ta wannan damina ba. Rumbu ya cika, ya gina wani.

Baffa Na'Allah ya ji daɗi har ya yi niyyar saka wa Gazali. Ba tare da ya gaya masa ba ya haɗa gayya, a taya shi maimai, tun da noman fari shi kaɗai ya sha wahalarsa. Aka dama fura, aka ɗauko mai kiɗa, maza suka saɓa hauya suka ratsa fadama.

A bakin gonar kiɗan ya tsaya da kansa. Ciyawa ta kai ƙugu, geron yana can ƙasa ya yi rawaya, ba a ko rage masa cunkoso ba. Babu maimai da za a yi inda ba a yi na fari ba. Hauyar Gazali tana jingine da tsamiya, tsatsa ta fara cin bakinta, mai ita kuma ya duƙufa yana ban ruwa da babban yatsa.

Baffa bai ɗaga murya ba. Ya zo ya zauna kusa da shi, ya ce a nuna masa. Gazali, da kunya ta rufe shi, ya rasa abin yi sai bayani. Ya faɗi ruwa, ya faɗi rana da taki da tazara, ya faɗi cewa ba ta girma sai mai ita yana kanta. Tsohon yana ta gyaɗa kai.

"Duk wanga abin da ubanka shika faɗa ma ne," in ji shi. "To ciyawa fa? Yaushe kaka nome ta?"

"Baffa, ita wagga ba ta ciyawa."

Baffa Na'Allah ya daɗe yana kallon koren da ke cikin wayar. Sannan ya miƙe, ya ɗauki hauyar da ke jingine, ya miƙa wa mijin Raliya, ya ce wa 'yan gayya su fara daga gabas.

"Riƙe taka da kyau, Gazali," ya ce. "Ita babu mai amshe ma ita."