Ranar da alƙali ya nemi in kama sunan mijina

Garkar albasa ce a kwarin Badaguishiri, fangali kaɗan da rijiya guda. Mai gidana ya ba ni ita da ransa, gaban mutane. Ina fita takaba ƙanensa ya tuna aro ce, ya kai ni kotu.

An ce mu zo da hantsi. Alƙali ya shigo bayan azahar, yaro ne sa'ar autana, cikin baƙar riga, waya manne ga kunne. Rabin shari'armu da wayar nan anka yi ta. Ban san ko wane ne a ciki ba, amma shi an saurare shi. Gefensa akwai wani dattijo da gwamnati ta aje don ya riƙa gaya ma alƙali al'adarmu. Ya ci goro, ya jingina, ya rufe ido. Ina jin al'adar yake nazari.

Tafinta ya juyo gare ni. "Inna, an ce wa ya ba ki garkar?"

"Mai gidana."

"Sunansa ake so."

"Uban ɗiyana, Allah ya jiƙan shi."

"Inna, suna!"

Tun ranar da anka kai ni ɗakinsa sunan nan bai taɓa fita bakina ba. Ko ɗan maƙwabta ya ci sunan, sai in laƙa masa wani. Tafinta ya san haka, uwarsa ma haka take yi. Ƙanen mijina ya fi kowa sani, shi ya sa ya harɗe ƙafa shina murmushi.

"Matar yaya," ya ce, "faɗi mana, ba cizo yake ba."

"Kai dai da majinarka na tarad da kai," na ce masa.

Alƙali ya buga teburi, ya yi Faransanci mai tsawo. Tafinta ya taƙaita mini: matar da ta kasa faɗin wanda ya ba ta, ba a ba ta ba. Ilimi ke nan. Dattijon ya farka daidai lokacin sa hannu.

Bakin ƙofa wata mai tuyar ƙosai ta ce mini akwai apel, wato ɗaukaka ƙara, kuma kwanakinsa ƙidayayyu ne. Cikin masu takalman nan na kotu babu wanda ya ga ya dace in sani. Na koma buro, wato ofishin kotun. Magatakarda ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri mana, ki bar ma Allah."

Na ce, "Na bar masa. Kai kuma rubuta."

Na dangwala yatsa.

Sai da rani ya wuce, damina ta wuce, kana anka kira mu kotun gaba. Alƙalai ukku ne. Na tsakiya ya duba takardu, ya dube ni, ya ce da Hausa, "Inna, za a karanta suna. In shi ne, ki ɗaga kai." Anka karanta, na ɗaga. Sunka kira shaidu biyu da ke wurin ranar kyautar, waɗanda alƙalin farko bai samu sukunin ji ba. Kafin la'asar an gama, an mayar mini da garkata.

Na iske garka tas. Ƙanen mijina ya kwashe albasar shekara, ya bar rijiya ta rufta, har ƙayar shinge ya tahi da ita. Na sa anka yashe rijiyar, na nemo iri wajen ƙanwata a Bazaga, na yi dashe kafin sanyi ya shigo.