Banɗakin Da Na Kulle A Gummi

Shekarun baya ina da wata fahimta da ban taɓa tsayawa na bincika ba: cewa duk abin da mutum ya kulle ya ajiye, zai dawo ya tarar da shi yadda ya bar shi. A ganina amfani ne ke lalata kaya, ajiya kuwa tsare su take yi. Da wannan fahimtar na gina wa mahaifiyata gida a Gummi, da ita kuma na kusa korar ta daga cikinsa.

Mu mutanen wajen Gwashi ne, a ƙasar Bukkuyum. Lokacin da kwanan ƙauye ya fara zama abin fargaba, har mutane suka koma sauraron kowace ƙarar babur, sai na nemi fili a Gummi kusa da hanyar fadama, na yi gini daidai ƙarfina. Inna ba ta so tasowa ba. Sai da kawuna, wanda yake yayanta, ya sa baki kafin ta amince. Ta zo tare da matar ƙanena, shi kuma yana can kudu wajen ci-rani. Ni aikina a Gusau yake, don haka gidan nasu ne, ni baƙo ne a cikinsa.

Ni ne ɗan fari a wurin Inna. Tunda na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunana ba. In zance ya biyo ta kaina sai ta ce "wancan na Gusau". Ba ta shiga ɗakina, ba ta kallon fuskata in muna gaisawa, hirarmu kuma ba ta wuce lafiya da ruwan sama. Matar ƙanena ita ma, da yake ni wan mijinta ne, daga gaisuwa ba ta ƙara komai. Na taso a cikin wannan kunyar, ina ganin kyanta, har ina yaba ta a gaban abokan aikina. Ban taɓa tambayar kaina ba ta wace hanya labari mara daɗi zai iso gare ni a gidan da babu mai iya faɗa mini shi.

A jikin ɗakin Inna na yi wa kaina ɗaki, na sa masa banɗaki a ciki, da tayil da farin masai na zama irin wanda ake kora wa ruwa. Mutanen gida kuma na yi musu nasu a tsakar gida, wanda ake kai masa ruwa da bokiti. Duka biyun rami ɗaya suke zuba wa.

Ranar walimar shiga gida ba a riga an haɗa famfo ba, tankin sama fayau yake. Dattawa sun zo da yawa daga Bukkuyum da Anka. Duk wanda ya nemi kewayawa a cikinsu, sai na yi masa jagora zuwa ɗakina maimakon na tsakar gida. A lokacin na ce girmamawa ce. Yanzu ina ganin so nake su ga tayil ɗin. Suka shiga ɗaya bayan ɗaya, kowa ya danna abin korar ruwa bai ga ruwa ba, ya rufe murfin, ya fito ya yi mini addu'ar Allah ya sa albarka a gidan. Babu baƙon da zai fito ya ba mai gida irin wannan labari. Kafin la'asar direban da ya kawo ni ya fara matsa mini, domin ba mai son yamma ta riske shi a hanyar Anka. Na ja ƙofar banɗakin ban leƙa ba, na rufe taga, na kulle ɗakin, na jefa makullin a aljihu.

Ƙarshen sanyi ke nan. Bazara ta shigo da zafinta, ta yi abin da take yi.

A cikin watannin na zo Gummi, ba sau ɗaya ba, amma kullum zuwan tsakar rana ne. In gaida Inna daga bakin rumfa, in ci abin da aka kawo, in juya saboda hanya. Ban taɓa buɗe ɗakin ba, tunda ba kwana zan yi ba. Duk zuwan da na yi nakan tarar da gidan ya turnuƙe da turaren wuta, kasko a nan, kasko a can, har ido na yaji. Na ɗauka tarba ce ake yi mini, na kuma ji daɗi. Na lura tana tari, sai na aiko da magani. Na lura ta fito da gadonta da sallayarta tsakar gida, na ce zafi ne. Na lura matan unguwa da suka saba cika rumfar a makonnin farko sun ɗauke ƙafa, na ce halin mutanen gari ke nan. Kowace alama na gan ta, kowace kuma na samo mata bayani mai ma'ana. Ina ganin babban abin da karatu ya koya mini ke nan a lokacin.

Ana shirin shigar damina kawuna ya kira ni ya ce Inna ta ɗaure kayanta, Gwashi za ta koma. Na tuna masa halin da ƙauyen yake ciki, ya ce ta fi ni sani. Na yi masa dogon bayani a kan yadda tsofaffi ke wahalar sabawa da sabon wuri. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce in zo.

Na tarar da ƙullin kaya a jere a rumfa, ƙorai an kifa su cikin juna an ɗaure da tsumma. Muka zauna mu uku, tana fuskantar kawu, da shi take magana ko da ni na yi tambayar. Na tambaya ko wani ya ɓata mata, ta ce babu. Ko abinci ne, ko ruwa, ta ce duk akwai. Da na matsa, sai ta ce wa kawu, "Ka hwaɗa mai Allah shi yi albarka. Gidan ne bai karɓe ni ba."

Cikin waɗanda suka zo ɗaukar kayan akwai taubashiyata, 'yar kawun nan nawa, wadda ke aure a Bukkuyum tana sana'ar turara shinkafa. Tun muna yara take kirana bawanta, ni ma ina kiranta baiwata, har yau ba a raba mana gardamar ba. A duk danginmu ita kaɗai al'ada ta ba damar ta faɗa mini abin da ta ga dama. Ta same ni a zaure ina ƙoƙarin kiran direba.

"Bawana, hancin nan naka na ado ne, ko shi ma ka baro shi ofis?"

Na ce mata ba lokacin wasa ba ne.

"Wa ke wasa? Tun jiya da niz zo ban iya cin tuwo ba. Mi kab binne cikin ɗakin ga naka? In gawa ce ka hwaɗi, a kira liman."

Na ce ɗakin a kulle yake tun ranar walima, babu abin da zai same shi. Ta dube ni yadda ake duban mara lafiyar da ke cewa ya warke. Sai ta sassauta murya, ta gaya mini abin da ta jiyo a wurin matar ƙanena. Warin ya fara ne tun farkon zafi, yana biyowa ta saman silin yana sauka ɗakin Inna, ya kama labule da tufafi. Matan unguwa da suka ji shi a jikin zanenta sai suka yanke cewa tsufa ne ya zo mata, ba ta iya riƙe kanta. Ba wadda ta faɗa a gabanta. Sun dai rage zama, in an miƙa musu fura su ce sun ƙoshi, a wajen biki kuma a shimfiɗa mata tabarma ita kaɗai. Inna ta san abin da suke zato, ta kuma san daga inda warin yake fitowa. Matar ƙanena ta taɓa cewa a ɓalle ƙofar, Inna ta hana. Ta ce a yi mini waya, ta hana.

"A wurinta abin ga naka ne," in ji taubashiyata. "Ta gwammace a ce ita ce."

Na ciro makullin. Ba zan tsawaita bayanin abin da na gani ba. Ɗakin kansa sai da na toshe hanci da hula kafin na ratsa shi. Abin da aka bari a masan ya bushe ya kama jikinsa kamar siminti, ƙudaje sun yi zuriya a wurin sun mutu, wasu sun gaje su, kyankyasai kuma sun rufe tayil ɗin da nake alfahari da shi. Ɗan ruwan nan da ke kwanciya a lanƙwasar bututu, wanda shi ne ke tare iskar rami, ya daɗe da ƙafewa. Saboda haka duk abin da ramin gidan ya tara, ta ɗakina yake numfashi, da ɓeraye da komai. Na san aikin wannan ruwa tun ina makaranta. Na san shi a matsayin amsar jarrabawa.

Abin da ya fara zuwa raina shi ne a gyara a ɓoye: a samo mai gyaran famfo guda, a rufe ƙofar gida, a gama kafin kowa ya ji. Taubashiyata ta ce in na yi haka na wanke masai na bar Inna da warin, domin unguwa za ta ci gaba da zaton da take yi. Na ce ai ba ma ni ne na yi amfani da shi ba, baƙi ne. Ta tambaye ni ko so nake a bi dattawan Bukkuyum gida-gida ana tambayar wanda ya shiga, alhali ubanta na cikinsu. Na sallama mata.

Yadda ta tsara haka aka yi. Aka buɗe ƙofar gida, 'yan ga-ruwa suka yi ta shiga da fita a idon kowa, aka fito da katifa da labulena aka baza a rana a bakin titi. Ita kuma ta bi maƙwabta tana aron tsintsiya da bokitin da ba ma bukata, a kowane gida tana ba da labarin bawanta mai digiri, wanda ya kulle masai da kayansa a ciki ya tafi Gusau da makulli. Ina tsaye na naɗe hannun riga ina jiyo dariyar mata ta bayan katanga. Kafin azahar wasu daga cikinsu sun fara shigowa, wai sun zo yi wa Inna sannu da haƙuri.

Inna ba ta ji daɗi ba. Ta kira taubashiyata ciki ta yi mata faɗa mai tsanani a kan ta tona wa "wancan" asiri a gari. Ni ba ta ce mini komai ba, ko da ta bakin kawu. Na kwana a zaure a ranar, karo na farko da na kwana a gidan. Da safe na ga an kwance ƙorai an mayar da su kan danki, inda ake jera su.

Na sha komawa kan wannan al'amari. Ban ga laifin kunyar da ke tsakanina da Inna ba, ba na kuma jin da za a ba ni zaɓi zan so ta zama mai kiran sunana. Sai dai na gane cewa a gida irin namu shiru ba shaidar lafiya ba ne, kuma wanda ba a iya faɗa masa magana, shi ya kamata ya fi kowa yawan leƙe-leƙe. Abin da ban warware ba har yau shi ne ko daidai ne da na bar Inna da zaton cewa ni ne na bar abin. Wani lokaci ina ganin na rufa wa dattawa asiri ne. Wani lokaci kuma ina ganin na bar mata nauyin da ba nata ba, wanda ba nawa ba ne ma.

Inna ba ta koma Gwashi ba. Na sa an cire masan an toshe bututun, ɗakin ya zama ma'ajiyar shinkafa. In na zo Gummi yanzu kwana nake yi, kuma bokiti nake ɗauka in nufi na tsakar gida kamar kowa.