Abdulgafar, Jikan da Ya Wanke Sunan Yahya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, da hantsi, aka aiko mini Mabai cewa Allah ya yi wa Malam Abdulgafar rasuwa a Faskari, bayan jinyar kwana huɗu. Ɗan ƙanwata ne, marigayiya Safara'u. Shekarunsa hamsin da biyu, nawa tamanin da shida. Na so a ce shi ne zai rubuta irin wannan takarda a kaina, amma Mai hukunci ya yi hukuncinsa.

Abdulgafar, idona ya yi rauni, don haka ka yi haƙuri da rubutun. Kwana shida ina yinsa, kaɗan-kaɗan.

Tun da mai ɗakina ta rasu shekara bakwai da suka wuce, 'ya'yana kuma neman abinci ya watsa su Kaduna da Legas, kai kaɗai ne baƙon da nake da tabbacin zuwansa. Kowace Asabar kana tafe a kan babur, da fura daga Sheme a ɗaure a baya. Ko a watannin da hanya ta lalace, mutane suna tsoron fita, sai dai ka sauya lokaci, ba ka fasa ba. Kai ke yanke mini farce. Kai ka lura gilashina ya daina yi mini aiki, ni ina ta zagin masu buga littafi wai sun ƙanƙance haruffa. Ranar da na gyara maka Turanci a gaban ɗalibanka da suka rako ka, dariya ka yi ka ce, "Kun gani ko? Hedimasta ba ya ritaya. Kawu, a bar ni haka nan, kar su raina ni."

Abu guda ne ba mu taɓa shiryawa a kansa ba: mahaifina, Yahya, kakanka.

Ga waɗanda ba su san labarin ba, ina da shekara huɗu ya bar gida, a 1943, Innarmu tana da cikin Safara'u. Ya ce wa mutane zai tafi cin rani haƙar kuza, bai sake dawowa ba. Gari ya yanke hukunci cewa ya shiga duniya, ya yar da iyali. Ƙaninsa, Baba Sha'ibu, shi ya riƙe mu, shi ya kai ni elementare a Ƙanƙara, shi ya yi mini aure. Na tashi da son Baba Sha'ibu da ƙin ubana. Zan faɗi abin da ban taɓa faɗa a fili ba: shekara tamanin ina salla, ban taɓa ɗaga hannu na roƙa wa mahaifina gafara da sunansa ba. Innarmu kaɗai ce take cewa, "Ba mai gudu ba ne, soja suka tafi da shi." Muka ɗauka zancen mace ne da ta kasa haƙura.

Kai ka ji wannan magana a bakin mahaifiyarka, ka riƙe ta. Shekara biyar ka yi kana bibiya. Duk hutun makaranta kana Kaduna kana buɗe tsofaffin takardu. Ka bi tsofaffi a Ƙanƙara da Tafoki kana tambaya, ka rubuta wasiƙu har ƙasar waje. Ko'ina amsa ɗaya: babu wani Yahya daga Mabai a cikin waɗanda aka ɗauka zuwa ƙasar Bama a yaƙin duniya na biyu. Ni kuwa ina jin daɗin haka, Allah ya yafe mini. Nakan ce maka, "Mai neman abin da babu, ai sai ya gaji." Kai kuma ka ce, "To, Kawu, ban gaji ba tukuna."

Sai bara da damina ka ci karo da wani suna a jerin sojojin da suka mutu a can: Sha'ibu Mabai, 1944. Alhali Baba Sha'ibu a hannunmu ya cika a Sabuwa, yana tsoho tukuf, ni na shiga kabarinsa. Wani da sai ya ce kuskuren magatakarda ne ya wuce. Kai ka hau babur ka tafi Sabuwa wajen Hajiya Ummi, matar da ya bari, wadda har yanzu tana raye. Sau uku kana zuwa tana kawar da zancen. A na huɗu ta ɗauko wani gwangwani daga ƙasan adaka ta ce, "Malam ya ce in ƙone, na kasa. Ya ce kar in faɗa, to ga shi na tsufa, ban son in tafi da kayan wani."

A cikin gwangwanin takardar mutuwar soja ce, ga kuma abin da ta faɗa maka ya faru. Da aka ce kowane gari ya ba da samari, sunan Sha'ibu dagaci ya rubuta, yana yaro ɗan sha bakwai mai ciwon ƙirji. Uwarsu ta kwanta kuka. Ranar da aka tara su a Ƙanƙara aka kira Sha'ibu, Yahya ne ya amsa. Dagaci ya ga lissafin kawuna ya cika, ya kau da kai. Sha'ibu ya ɓuya wajen dangin uwa a Tafoki, bayan wata biyu ya dawo ya ce likitan soja ya sallame shi. Da takardar mutuwa ta iso ɗauke da sunan mutumin da ke gona yana huɗa, dagaci ya miƙa masa a asirce. Da farko tsoron ɗauri ya rufe masa baki. Daga baya kunya ta karɓa, ta riƙe har kabari.

Ka kawo mini wannan takarda ranar Asabar ta ƙarshen Disamba. Ka zauna a ƙasa, ka karanta mini a hankali. Na san ka zaci zan rungume ka. Ni kuwa abin da na ji shi ne an rushe mini mutumin da ya rene ni, an kuma nuna mini cewa ni ne azzalumin, ba ubana ba. Sai na ce maka, "Ka rasa aikin yi sai tonon kaburbura? Tashi ka ba ni wuri." Ka ajiye ambulan a kan tabarma, ka ce, "Allah ya huci zuciyarka, Kawu." Ka ɗauki hularka ka fita. Furar da ka kawo ko taɓa ta ban yi ba.

Asabar ta zagayo, ka aiko da gaisuwa, na ce a ce maka ina barci. Wadda ta biyo ta ka kwanta. Ina nan ina shirya kalmomin da zan faɗa maka idan ka warke, ina jinkiri irin na wanda ya ɗauka shi ne a gaba a layin mutuwa.

Ranar addu'ar uku na sa aka kai ni Faskari. Bayan liman ya shafa, na roƙi a ɗaga ni tsaye. Na faɗa wa jama'a cewa Yahya na Mabai bai gudu ba, fansar ƙaninsa ya yi da ransa, yana kwance a ƙasar da ba wanda ya san shi da sunansa na yanka. Na ce jikansa ne ya gano, ni ɗansa na kore shi a kan haka. Na roƙi a yi wa Yahya addu'a, aka yi. A nan na fara cewa amin ga ubana, kai kuwa ba ka nan ka ji.

Da na shiga ciki yi wa matarka Hamida gaisuwa, na kasa haɗa ido da ita. Na tambaye ta ko ka tafi da fushina. Ta ce, "Haba Kawu. Ran da ya dawo cewa ya yi, ku ƙyale tsohon nan, ba da ni yake faɗa ba. Ya ce zai sauko, in ya sauko kuma kar kowa ya tuna mashi." To, na sauko, Abdulgafar. Ba wanda ya tuna mini, ni ne na kasa mantawa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hamida, da 'ya'yanka Bilya da Amatullah da Ikhlas, da malamai da ɗaliban makarantarka, da dangi na Faskari da Sabuwa da Mabai. Allah ya ba ku haƙurin da ni na rasa. Hajiya Ummi, Allah ya saka miki da alheri da ba ki ƙone takardar nan ba.

Ya Allah, ka gafarta wa Baba Sha'ibu, yaro ne ya tsorata, ya kuma biya da renon marayu. Ka gafarta wa mahaifina Yahya, ka haskaka kabarinsa a inda yake, ka karɓi addu'ar ɗan da ya makara. Ka jiƙan Abdulgafar, ka yalwata masa makwanci, ka sa aljanna ce makomarsa, ka haɗa shi da kakan da ya nema bai taɓa gani ba. Idan tawa ta zo, ka sa in cika da imani, ka ba ni ikon tsayawa gaban su biyun in nemi afuwa da bakina. Amin.

Malam Muhammad Auwal, tsohon hedimasta, Mabai.