Ragon da Na Zana a Jikin Kwalba

Ni ɗan garin Maijirgi ne, ɗan manomin gero da gyaɗa. A lekwal, wato makarantar boko, ban taɓa yin fice a lissafi ba, amma a zane babu wanda ya kama ƙafata. Littafin karatu guda muke rabawa a benci, ƴan uwana suna bin rubutu, ni ina kallon hotuna. Duk wanda na gani sai na kwafe shi da gawayi a bangon zaurenmu. Mushenmu, malamin ajinmu, ma ni yake kira in zana masa taswira a allo.

Da na bar karatu sai na koma Tasawa ina zana allunan shago, na masu aski da teloli da masu shayi. Sana'ar tana ciyar da ni. Wata rana wani abokina ya roƙe ni in sassaƙa masa hatimin wata makaranta a guntun roba, ya buga a takardar shaidar karatu ta jabu don a ɗauke shi aiki. Na yi, ba a gane ba. Abin da ya fi yi mani daɗi shi ne yadda ya rantse cewa nawa ya fi na asalin kyau.

Labari ya kai kunnen wani ɗan kasuwa. Ya kawo mani kwalbar maganin tsutsar tumaki, ya ce in kwaikwayi takardar jikinta, shi zai kai a buga. Na san abin da yake ɗurawa ciki: ruwa ne da garin alli. Ya ce ba ya kashewa, ba ya warkarwa. Na zana masa ƙosasshen rago mai murɗaɗɗen ƙaho.

Da damina na je garin Sarkin Hausa gaida kawuna, wan mahaifiyata. Na tarar da turakun tumakinsa wayam. Ciwo ya shige su, bai nemi likitan dabbobi ba, don ya amince da maganin da ya saya a kasuwa. Ya shiga ɗaki ya fito da kwalbar, ya miƙo mani.

Ya ce, "Ɗana, kai da ka yi lekwal, karanta mani. Ko ni ne ban ba su daidai ba?"

Na karanta masa rubutun hannuna, na ce ya ba su daidai, ƙaddara ce. Na ci tuwonsa, na koma Tasawa na ci gaba da aikin. Wannan shi ne mafi munin abin da na aikata.

Ba a daɗe ba jandarmomi suka kama ɗan kasuwar, sunana ya fara ambata. Alƙali ya tura ni gidan kaso.

A can na haɗu da wani dattijo Kirista daga wajen Kona, tsohon malami, da ke zuwa yana koya wa fursunoni karatu. Ba shi da littafi mai hoto. Da ya ji laifina bai yi mani wa'azi ba, fensir ya ba ni da takardu. Na zana akuya, kwarya, amalanke, shi kuma ya rubuta sunayensu a ƙasa, muka ɗinke da zare. Na ga mutum mai furfura ya dubi hotona ya haɗa baƙaƙe, ya karanta kalmar farko a rayuwarsa.

Ranar da aka sake ni, wurin kawu na fara zuwa, na durƙusa na faɗa masa gaskiya. Ya ce ya yafe tumakin, amma ƙaryar da na yi masa ido da ido sai a hankali. Na karɓa. Har yau ina zuwa ina taya shi noma.

Yanzu littattafan yaƙi da jahilci nake yi wa hotuna, kuma na iya aikina, ban ɓoye ba. Ku samari masu baiwa a hannu, ba da sata za a fara jan ku ba, da yabo za a fara. Kafin ku zana wa mutum kome, ku tambaye shi wa zai gani, kuma me zai yi in ya yarda da shi. In ya kasa ba ku amsa, ku aje fensirin ku tashi.